Injiniya Mai Kunnen Ƙarfe

Ranar da shugabar makaranta ta aiko cewa Auta ce za ta yi jawabin bankwana a madadin 'yan ajinsu, mahaifinta bai tsaya ƙarasa shayinsa ba. Da kofin a hannu ya fito ƙofar shago ya sanar wa layi gaba ɗaya.

"Jama'a, ku buɗe kunne! 'Yata za ta yi magana a gaban manya, kuma ni zan ɗauki muryarta. Mai wanka a bayan gari sai ya ji ta. Wanda aka binne bara ma, in ramin bai yi zurfi ba..."

"Kai, Injiniya, ji tsoron Allah," in ji Tela, ko kai bai ɗago daga kan keken ɗinkinsa ba.

Sana'ar mutumin nan ba da hayar lasifika ce. Sunan Injiniya kuwa shi ya raɗa wa kansa, ya rubuta da jan fenti a saman shago, har mutane suka gaji da musu suka bi shi a haka. Makarantarsa ɗaya ce, wuta ta ja shi ya gane wayar da ba a taɓawa.

Mai Walda, wanda rumfarsa ke manne da shagon, ya ɗage baƙin gilashinsa. "Da wace lasifikar? Waccan mai tari kamar tsohuwar akuya? Injin yankan ƙarfena in ya yi atishawa ya fi ta."

"Za ka gani."

"Ji dai zan yi, in akwai abin ji. Ka dai lallaɓa kunnenka, tsufa ya fara leƙo ka."

"Kunnena?" Injiniya ya ja shi da yatsu biyu ya nuna wa layi. "Wannan ƙarfe ne, malam. Tun kana wasan ƙasa nake kwana cikin ƙara."

Da yammar nan ya fito da duk wata lasifika da ya mallaka, manya da ƙanana, har da wadda kaza ta taɓa ƙyanƙyasa a ciki. Ya jera su ɗaya bisa ɗaya sai da suka taɓa rufi, ya haɗa su da amfilifaya guda, na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti. Shi fa Injiniya bai yarda da 'yan fitilun nan na jikin na'ura masu nuna ƙarfin sauti ba. Cewa yake na ragwaye ne. Nasa aikin, ya manna kunne a bakin lasifika ya ji da kansa. Yana cikin gwaji sai babbar ta ƙasa ta fara wani kar-kar-kar, ana haka kuma aka ɗauke wuta. Ya murɗa maɓallin sauti har ƙarshe, shiru. Sai ya ce bari ya yi amfani da damar, ya durƙusa, ya cusa kansa cikin akwatin yana laluben abin da ya kwance.

Aka kawo wuta.

Allurar Tela ta karye. Tattabarun layin suka tashi, wasunsu sai washegari aka gan su. Wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggo ta saki tulun ruwa tana salati. Injiniya kuwa ya fito da baya da baya, ya fizge waya daga soket, ya miƙe yana murmushi irin na wanda ya taka ƙusa a gidan surukai.

"Kun ji aiki?" ya ce.

Muryarsa da kanta ta soke shi kamar tsinke. Can cikin kansa kuma wani gyare ya fara kuka, bai sake yin shiru ba.

A gida, matarsa ta juya cokali a kofi, ya zabura har gwiwarsa ta bugi tebur.

"Lafiya, Baban Auta?"

"Wa ya ce ki riƙa dukan kofi haka?"

"Suga nake motsawa."

"To ki motsa shi da tausayi."

Ta kalle shi, ta ajiye cokalin a hankali. Auta ta ja kujera, ya runtse ido. Famfo ya ɗiga a bokiti, ya dafe kai. Da ƙofar ɗaki ta yi ƙiii, sai ga Injiniya ya shige ƙarƙashin bargo da takalmansa. Maman Auta ba mai yawan magana ba ce. Da gari ya waye ta yafa mayafi, ta miƙo masa hularsa.

"Asibiti."

"Ni? Me zan yi a..."

Ta ɗaga murfin tukunya da hannu ɗaya, ludayi a ɗayan. Ya karɓi hular.

Likitar ta haska kunnen da 'yar fitila, ta duba wannan ta duba wancan. "Ka gode wa Allah, dodon kunnen bai fashe ba. Amma ya sha wuya, shi ya sa ƙaramin sauti ke yi maka zafi. Hutu yake so. Ka nisanci ƙara na 'yan makonni. Kada ka ɗiga masa mai, kada ka sosa shi da tsinke. Kuma kada ka toshe shi dare da rana. In ka hana shi jin komai, raki zai ƙara, kamar yaron da aka shagwaɓa. Bar shi ya riƙa jin hira da motsin gida, a hankali zai saba."

"Likita, sati mai zuwa ina da babban aiki."

"Bikin makarantar 'yarmu ne," in ji Maman Auta.

"To ka je a matsayin uba, ka zauna can baya. Wani ya riƙe lasifikar. In ka sake ba kunnen nan irin wancan dukan, ban yi maka alkawarin zai dawo ba."

A hanya Maman Auta ta ce, "Mai Walda yana da 'yar ƙaramar lasifika da yake sawa a rumfa. Ta isa filin makaranta."

Injiniya ya tsaya cak. "Mai Walda? Ya ɗauki muryar 'yata? Ina raye?"

"To ka faɗa wa maƙwabta halin da kake ciki, su rage maka hayaniya."

"Gara kunnen ya faɗo ƙasa in ɗauka in sa a aljihu. Ke dai ki zuba ido. Zan sa layin nan ya yi tsit ba tare da kowa ya san dalili ba, kafin ranar biki na warke garau. Likita ta karanta kunnen mutane, ba ta karanta nawa ba."

"In kunne ya ji, jiki ya tsira," ta ce.

"Kunnen ne ba ya son ji, ai."

Da ƙofofi ya fara. Ya ɗauki gwangwanin baƙin mai ya bi gida-gida yana shafa wa kowace ƙofa, wai sadaka yake yi. Mutane suka yi ta sa masa albarka. Sai dai ƙofar shagon Tela, wadda tsatsa ce kawai ke riƙe ta a buɗe, ta sami 'yanci. Tana ganin iska ta taho da gudu ta maki wani mai kuɗi da ya zo gwajin riga, ta bar masa zanen baƙin mai daga kafaɗa har ƙugu.

"Wa ya aike ka?" Tela ya fito da almakashi a hannu. "Ƙofata ce ta kawo maka ƙara?"

"Yi a hankali, yi a hankali," in ji Injiniya yana ja da baya, kafaɗunsa sun haura kunne.

"Yau kai ne mai cewa a yi a hankali? Ikon Allah!"

Sai zakaran Gwaggo, wanda ke hawan katangar Injiniya ya yi cara daidai tagarsa. Injiniya ya yi masa tarko da tsaba, ya kife shi da kwando, ya lulluɓe da tsohon bargo don ya ɗauka dare bai ƙare ba. Ya ɗauko kwandon zai kai bayan gida ke nan suka yi kiciɓis da Gwaggo a lungu.

"Ɗana, me ka ɗauko?"

"Kayan aiki ne, Gwaggo."

Kayan aiki suka yi cara.

Injiniya ya saki kwandon ya kama kai. Zakara ya fita ta tsakanin ƙafafunsa, Gwaggo kuma ta buɗe murya irin tata, wadda ba ta taɓa bukatar lasifika ba. "Wayyo jama'a! Da girmanka da gemunka! In nama kake sha'awa ai sai ka roƙa!" Sai da Maman Auta ta fito ta ba ta haƙuri, ta ce rana ce ta bugi maigidan.

Da ya ga layi ya ƙi shiru, sai ya ce to ɗakinsa zai gyara. Ya taɓa jin cewa masu ɗaukar waƙa suna manna kwalin ƙwai a bango. Ya karɓo tuli guda wajen mai sayar da ƙwai, ya liƙe bango da taga, ya jingina katifa a ƙofa. Ɗakin ya koma tanda. Da ya kai ga rufi, ya hau kujera ya kifa wani kwali da ƙarfinsa, ashe akwai ragowar ƙwai a ciki. Maman Auta ta ture katifa ta leƙo, ta same shi gwaiduwa na bin gemunsa.

"Sannu da aiki, Injiniya. In kawo gishiri?"

Daga nan ya yanke shawarar da ta fi duka. Ya cusa auduga a kunnuwa har sai da ta ƙi shiga, ya bi da guntun soso, ya ja hular sanyi, ya kifa hular kwano ta masu babur a kai. Duniya ta yi masa tsit, sai gyarensa kaɗai.

"Likita ta ce kada ka toshe," in ji matarsa.

Ya ga bakinta na motsi, ya gyaɗa kai. "NA GODE!"

Ga abin da bai lissafa ba: wanda ba ya jin kansa ba ya sanin ƙarfin muryarsa. Ya zauna ƙofar shago cikin rana tsaka, gumi na tsiyaya daga ƙarƙashin kwano, ya sunkuya wajen Tela zai yi masa raɗa.

"KA GA MAI WALDAN NAN? ƘOFAR DA YA YI WA LIMAN A KARKACE TAKE! KADA KA FAƊA MASA NI NA CE!"

Mai Walda, da ke taku kaɗan daga wurin, ya kashe injinsa. "Ba zai faɗa min ba, Injiniya, kwantar da hankalinka. Wannan kwanon fa? Babur ka saya?"

Injiniya ya ga ana nuna kansa. "SABON TSARI NE! DUK MANYAN INJINIYOYI HAKA SUKE YI YANZU!"

A masallaci dole ya cire kwanon, amma ya bar audugar ƙarƙashin hula. Liman ya yi kabbara aka ɗago, aka zauna, aka yi sallama, Injiniya na nan goshi a ƙasa. Wani dattijo ya share ƙwalla ya ce lallai Allah mai shiryarwa ne, dubi yadda bawan nan ya koma. Sai da Tela ya ja masa babban yatsan ƙafa.

In ya cire audugar zai kwanta kuwa, abin ya ninka. Shafar zanin gado ma sai ya ji kamar ana yaga kwano. Ana gobe biki Auta ta zo ta durƙusa gefensa. Yarinya ce mai sanyin murya, irin wadda sai an ce ta maimaita.

"Baba," ta ce a hankali, "ni dai a ji ni a filin ya isa. Ba sai bayan gari ba."

"'Yar Injiniya ce ke. Je ki kwanta."

Filin makaranta ya cika. Rumfuna, kujerun roba, iyaye cikin kwalliya, manyan baƙi a gaba. Injiniya ya gina hasumiyarsa gefen dandamali, ga shi cikin sabuwar riga da hular kwano. Matsala ɗaya ce, mutumin da duk rayuwarsa da kunne yake auna sauti yau ba kunne. Amma ya riga ya yi dabara. Ya cika kofi da ruwa ya ɗora kan babbar lasifika.

"IN RUWA YA YI RAWA, SAUTI YA KAI!" ya gaya wa wani malami da bai tambaye shi ba.

Ya kafa makirufo daidai gaban bakin lasifikun, wurin da ko almajirin sana'a ya san ba a sa shi, don dai mutane su ga 'yarsa da aikinsa a kallo ɗaya. Aka kira Auta. Ta hau dandamali. Shugabar makaranta ta ƙwanƙwasa makirufon da yatsa, wani siririn fito ya fara tashi. Da Injiniya na ji, da tuni ya rage. Shi kuwa kofi yake kallo, ruwa ko motsi. Ya murɗa.

Fiton ya zama kururuwa. Jarirai suka ɗauka. Ruwan ya ɗan girgiza. Ya ƙara murɗawa.

Da ya waiwaya, sai ya ga abin da ya daɗe yana mafarki: jama'a a tsaye, hannuwa a sama wajen kai, bakuna a buɗe, kowa shi yake kallo. Shugabar makaranta na ɗaga masa hannu biyu. Babban baƙo har ya hau kujera. Can ga Mai Walda yana tsallake layin kujeru yana nufo shi da gudu.

"KA YARDA YANZU?" Injiniya ya daki ƙirji, ya murɗa maɓallin har ƙarshe.

Ruwa ya yi rawa. Kofin ma ya yi rawa. Ya taka a hankali har bakin akwatin, ya leƙa, ya kifa kansa cikin amfilifaya. Fat! Wani shuɗin hayaƙi ya tashi, komai ya mutu.

Kowa na girgiza kai yana sosa kunne. Auta na tsaye gaban mataccen makirufo, idanunta sun ciko. Shugabar makaranta ta gyara gilashi ta ce, tunda haka ne, sai a tsallake jawabin a shiga rabon kyauta.

Sai Maman Auta ta tashi. Ta ratsa filin ba gaggawa, ta tsaya gaban mijinta, ta kwance igiyar haɓarsa, ta cire kwanon ta miƙa wa Mai Walda. Ta zare hular sanyi. Ta ciro soso. Sannan ta kama bakin auduga ta fara ja. Tana ja tana fitowa, tana ja tana fitowa, har Tela ya ce, "Hajiya, in kin gama a ba ni, ina da matashin da zan cika."

Ta juya wajen shugabar. "Malama, a yi haƙuri a bar yarinyar nan ta yi maganarta. Ta daɗe tana haddacewa. Yanzu ai ba mai marmarin lasifika a nan. Kowa ya kama bakinsa, za a ji ta."

Aka kama baki. Auta ta fara da sunan Allah. Muryar nan tata siririya ta bi filin, ta gode wa malamai, ta gode wa iyaye, ta roƙi gafarar waɗanda suka ɓata wa. Na baya suka miƙo wuya, masu jarirai suka sa su a nono. Injiniya ya tsaya kunnuwa tsirara, yana jiran zafi. Zafi bai zo ba. Tun ranar da aka kawo wutar nan, wannan ne sauti na farko da ya shiga kunnensa bai soke shi ba. Ya ji kowace kalma. Bai ma san yarinyar ta iya magana haka ba.

Ta rufe da addu'a. Injiniya ya ga ɗaruruwan hannuwa sun rabu, suna shirin haɗuwa.

Ya daka tsalle tsakiyar fili, hannu biyu a sama. "Don girman Allah kada ku tafa!" Muryar ta fito 'yar ƙarama. "Ku rufa min asiri. Kunnena ciwo yake. Cokali ma tsoronsa nake ji."

Hannuwa suka tsaya a iska.

"Af!" in ji Mai Walda. "Ƙarfen ne ya yi tsatsa? Ai da ka kawo na ɗan liƙe maka."

"Shi ya sa ka sace min zakara?" in ji Gwaggo daga cikin mata. "Ɗan nan, da ka yi magana ai da na kai shi gidan ƙanwata!"

Dariya ta taso, shugabar makaranta ta ɗora yatsa a leɓe, sai kowa ya toshe baki da gefen riga, kafaɗu na rawa. Sannan ta ɗaga yatsa ɗaya na dama, ta buga a kan ɗaya na hagu. Filin gaba ɗaya ya bi ta. Haka aka tafa wa Auta, da yatsu bibbiyu, kamar yayyafi a kan ganye, aka daɗe ana yi.

Abin da dabara ta kasa, magana ɗaya ta yi shi. Mai Walda ya mai da injin yankansa bayan rumfa, in zai tayar kuma sai ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, a shiga ciki." Zakara ya tafi baƙunta. Maman Auta ta kwashe kwalayen ƙwai, ta buɗe taga, ta ɓoye auduga inda ita kaɗai ta sani. Kullum da yamma takan zaunar da shi tsakar gida ya saurari hira da motsin kwanuka, yau kaɗan, gobe a ƙara. Gyaren ya fara gajiya, yana yi yana hutawa. Da suka koma asibiti likita ta ce alhamdulillahi, ana samun sauƙi, a ci gaba da haƙuri.

Sai dai kunnen bai gama warkewa ba, bakin ya riga shi. Suna dawowa daga asibitin, ya tarar da Tela da Mai Walda a inuwa, ya gyara tsayuwa.

"Ku faɗi gaskiya," ya ce. "Duk garin nan, wa ya taɓa sa taro irin wancan ya yi tsit har a ji yarinya ba makirufo? Wannan fa shi ne ƙololuwar ilimin sauti. Tun farko haka na tsara. Shi kofin nan da kuka gani..."

Maman Auta ta saƙale jakarta a kafaɗa, ta matso daidai kunnensa, ta ware tafukanta biyu.

"Wasa nake, Hajiya," in ji Injiniya cikin raɗa. "Mu shiga ciki."